Sifili, Biyu, Biyu

Ƙarfe biyu da kwata na dare a Kaunas.
Ƙanƙara na sauka kan kogin Nemunas ba ta ce wa kowa uffan ba,
ni kuma ina hawa na uku, da shayin da ya huce,
da injinan da ke huci a bayan gilashi.

Waya ta yi ƙara. Danguolė ce, mai zuma daga Prienai.
"Aušrinė, shafina ya koma tallar caca.
Jikana ya buɗe ya ga wata mata tana karkasa kati
a daidai inda hoton amyata yake."
Na ce ta kwanta.
Ta ce shekararta saba'in da ɗaya, ta san lokacin kwanciyarta.

Na shiga sabar da kalmar sirri.
Ban yi nisa ba na gan su, a jakar hotuna,
bakwai, bakwai, bakwai,
sun jeru kamar haƙoran mai dariya.

Lissafin ba wuya.
Huɗu, ka karanta. Biyu, ka rubuta. Ɗaya, ka shiga ciki.
Haɗa su, bakwai ke nan.
Ta farko ta mai ɗaki ce, ta biyu ta mutanen gida,
ta ukun kuwa ta duk wanda Allah ya yi,
har wanda bai san ɗanɗanon zuma ba,
har wanda ya zo da buhu.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.
Wannan ba tsagewa ba ce ma,
wani ne ya cire ƙyauren ya jingine shi gefe.

Na ce Rimvydas ne. Wa kuma?
Shi da ke gyara komai yana tauna burodi,
hannu ɗaya a madannai, ɗaya a jakar tafiya gida.
Har na fara shirya masa magana mai yaji
na buɗe tsohon kundin aiki don in kafa hujja.

Shekara uku baya, wata Juma'a, biyar saura minti shida.
Sunana ne.

Na tuna ranar.
Hoton kwalba ya ƙi hawa, Danguolė na kira a karo na huɗu,
'yata na jira a ƙofar makaranta, safar hannunta ta ɓata.
Na ce bari in buɗe duka, Litinin in rufe.
Litinin ɗari da hamsin da wani abu sun zo sun wuce.

Na share abin da baƙon ya shuka, fayil goma sha tara.
Jakunkuna na mai da su bakwai, biyar, biyar:
ku shigo, ku duba, kada ku taɓa.
Fayiloli shida, huɗu, huɗu.
Wanda ke riƙe da sirrin rumbun bayanai kuwa
shida, sifili, sifili,
ko maƙwabci ba ya leƙa shi.

Amma gyaran yau na yau ne.
Gobe za a haifi sabon fayil ina barci,
jibi wata mai gaggawa za ta zauna a kujerar nan,
wataƙila ni.
Sai na gangara can ƙasa, inda ake yanke wa fayil rabonsa
tun kafin a raɗa masa suna,
na rubuta umask, sifili, biyu, biyu,
don duk abin da zai zo duniya a injin nan
ya zo da ƙyaurensa a jikinsa.

Biyar da rabi amya ta dawo mazauninta,
rana a bayanta, ciyawa har gwiwa.
Na rubuta rahoto. A gurbin musabbabi
na sa sunana, na goge, na sake sawa.

Motar lantarki ta farko ta wuce, wayoyinta na tartsatsi.
Rimvydas ya shigo yana kakkaɓe hula,
ya miƙo mini rabin burodinsa.
Na karɓa.