Ka Ce Masa Re, Ya Ce Do

Kaye huɗu Sarjan Kalla ya miƙo mini,
ɗaure da tsohuwar igiyar takalmi,
gara ta ci gefensu, gumi ya ci sauran.
Ya ce, "Barira, zuba su cikin injin naki,
kafin ni da takardar mu ƙare tare."

Dare goma sha ɗaya na yi a Garin Malam,
ordinatar bisa turmin da aka kifa,
ina tsintar ɗigo-ɗigo kamar mai tsince shinkafa,
ina shanya su kan igiyoyi biyar.
Sau uku wuta ta ɗauke mini rabin amshi.
Na zagi wanda ban sani ba, na sake farawa.

Da na ga kowane ƙaho da nasa shafin,
wannan da ƙaya biyu a goshi,
wancan da ɗaya, wani babu ko ɗaya,
sai na ce tsufa ne ya karkata alƙalami.
Na gyara wa tsoho kuskurensa.
Na jera su duka a kan Do,
sumul, kamar ɗaliban lakwal ranar tuta.

Ranar Laraba, gidan matasa, bayan la'asar,
yara tara da tagullarsu mai lotse-lotse.
Mutari ya ɗaga turumfet, Habsu ta gyara turumbon,
na ƙirga huɗu.

Wayyo.
Ko jakunan Kasuwar Dole
sun fi mu jituwa ranar Alhamis.
Duwatsun Birni suka maido mana da abin kunyarmu,
mai tuyar ƙosai a ƙofa ta toshe kunne da gyale.

Sarjan ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Ya ce, "Ɗiyata, ba kowa ke faɗin abin da aka rubuta masa ba.
Turumfet ɗan gari ne, bai karɓar farashin farko:
ka ce masa Re, ya ce Do.
Ƙahon nan mai naɗi kamar gammo
sai kin hau masa tsani biyar kafin ya sauko inda kike.
Turumbon kaɗai ne ba ya ciniki,
shi ya sa hannunsa kullum a miƙe."

Na koma gida, linzami a hannu.
Na shafa layin Mutari har ya yi shuɗi,
na ɗaga shi taki guda.
Ƙayoyi biyu suka tsiro, Fa da Do,
daidai inda tsoho ya dasa su da biro
tun ban zo duniya ba.
Ashe ma akwai wani ɗan maɓalli a kusurwa:
ka danna, ka ga abin da kunne zai ji,
ka sake dannawa, ka ga abin da yatsa zai bi.
Gaskiya biyu, waƙa ɗaya.
Na daɗe ina kunna shi ina kashewa
har ladanin Zango ya fara gyaran murya.

Dala biyar kowane shafi wajen mai fotokofi.
Na raba, kowa ya leƙa na maƙwabcinsa,
Habsu ta ce, "Malama, namu bai zo ɗaya ba."
Na ce, ku dai busa.

Suka busa.
Takardu sun saɓa, iska ta daidaita.

Sarjan Kalla bai ji da kunnen hagu yanzu,
na dama ma sai an matso.
Ya aza shafin turumfet bisa cinya,
yatsu uku suna hawa suna sauka a kan gwiwarsa,
leɓensa a tsuke, ba ƙaho, ba sauti.
A layi na sha bakwai ya tsaya,
ya ɗora farce kan wani ɗigo, ya dube ni.

Na manta bemol ɗaya.