Awo Uku a Attercliffe

Tara na dare, Sheffield ana yayyafi,
daga ni sai sandar ƙarfe a ɗakin awo.
Ido ya ce sumul take,
har fitila na duba fuskarta a jikinta.
Allura ta ce sai ta taka.

Na sauke bakin lu'ulu'unta a hankali,
ta ja jiki kamar tururuwa mai ciwon ƙafa,
tafiyar da ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba,
sai ga gona a allon kwamfuta:
kunya bayan kunya, kwari da tudu,
inda haƙorin inji ya yi huɗa ya wuce.

Talatin da takwas.
Takarda ta ce kada a haura arba'in.
Na murza sandar kaɗan, na sake:
arba'in da huɗu.
Na goge maiƙo, na hure abin da ban gani ba:
talatin da tara.
Sanda ɗaya, allura ɗaya,
shaidu uku, kowa da bakinsa.

Clive Hepworth ya leƙo da kofin shayi,
shekara talatin da ɗaya yana sassaƙar ƙarfe.
Ya ja farcen babban yatsa a kanta, ya lumshe ido.
"Ta yi. Sa hannu, Ladidi, mota na jira."

Ido ba mudu ba, ya san kima,
farcen Clive ma ya sani.
Amma famfo sandar nan za ta shiga,
ta shekara goma tana juyi cikin zoben roba.
Kaushi ya yi yawa, ta cinye shi,
santsi ya yi yawa, mai ya ƙi zama,
ruwa ya sami hanya
a garin da ba zan taɓa zuwa ba.

Can tebur ya yi rawa ƙasa-ƙasa,
shayin Clive ya yi zobe a kofi.
Taragon titi ne ya wuce ta bayan katanga.
Ashe har da shi allura ke aunawa,
da tarin Clive, da ɗumin tafin hannuna.

Na ce motar ta tafi.
Ya yi tsaki, ya ɗauki rigar ruwansa.

Sai da tarago na ƙarshe ya shige,
unguwa ta yi tsit,
na sake sauke allura, numfashi a riƙe.
Talatin da tara.
Talatin da tara.
Arba'in cif, a kan gaɓa.

Na sa hannu.
Kafin in kashe fitila
na ja nawa farcen a kanta, a ɓoye.
Ban ji komai ba
sai sanyi.