Benci Na Tara

Hedimasta ya aiko yaro tun da sassafe:
"A ce wa Gwadabe ya zo da guduma,
kujerunmu sun gaji."
Na zuba ƙusa rabin gwangwani,
na tsallake kwata, na bi ta bayan mai ƙosai,
na shiga firamaren unguwarmu ta Fagge
ta ƙofar da ba ta da ƙyaure tun ina yaro.

Aji uku. Yara ɗari da sha huɗu.
Benci sha ɗaya, biyu guragu.
Sauran suna kan buhun siminti,
littafi a cinya, ido a allo.

Na kifa benci na tara in ga inda ke masa ciwo,
sai ga rubutu da tsinin ƙusa:
GWADABE. OBIORA. SAGIR.
Katakon maɗaci, ashe ba ka mantuwa.
Shekara talatin da ɗaya
kana ɗauke da mu a cikinka.

Sagir a mota ake sauke shi,
ni silifas ɗina da waya aka ɗaure,
Obiora daga Sabon Gari yake takowa
da Hausarsa mai santsi kamar kuɓewa.
Bulalar Malama Ladidi
ba ta taɓa tambayar ɗan wane ne ba.
Gurasa ɗaya, a yaga uku.
Shi ya koya mini rabawa a lissafi,
ni na koya masa zagi, Allah ya yafe mini.

Yau 'ya'yan Sagir na makarantar kuɗi,
mai farin fenti da dogon suna,
wadda bara gareji ce.
Ban ga laifinsa ba.
Da aljihuna ya yi nauyi, wa ya sani?
Amma ga Uwale tawa can a layi na biyu,
tana ɓoye fuska don kada a ce
kafintan nan babanta ne.

In taga ta ɓalle sai a ce kayan gwamnati.
To ni ban taɓa ganin gwamnati
ta matsa wa wani a benci ba,
ko ta ɗaga littafi sama
ranar da rufi ya yi yoyo.
'Yar mai wanki na gani,
da ɗan mahauci, da ɗan mai faci,
suna jan baƙi ɗaya da murya ɗaya.
Ina kuma za su haɗu in ba nan ba?

Na sa masa sabuwar ƙafa.
Hedimasta ya ce, "Goge ɓarnar nan ta ƙasa."
Na ce magogina ya dakushe.
Ya ce, "Nawa ne aikin?"
Na ce, "Kuɗin ƙusa kawai."

Da zan fita, wani ɗan baƙi mai giɓi
yana ta kallon gwangwanina.
Na saki ƙusa ɗaya kusa da ƙafarsa,
ban waiwaya ba.
Akwai sauran fili a ƙarƙashin Sagir.