Lissafin Zomaye a Kakuri

Tun da masaƙa ta yi shiru
hannuna ya manta zare,
sai wayar keji da ganyen dankali.

Toka ce zomanyata ta fari,
'yar ƙasa, 'yar firit, kunne a tsaye.
Bazara ba ta taɓa kayar da ita ba,
amma huɗu take haifa, ranar sa'a biyar,
su cinye dusar wata huɗu
ba su rufe gindin tukunya ba.

Bulus Kazah, da muka yi aikin dare tare,
ya kawo wani fari daga Narayi cikin kwali,
jan ido, jibgege kamar dam ɗin auduga,
yana haki tun hantsi bai dubi ludayi ba.
Ya ce aro ne, kwana biyu.
Na ce wannan ai ɗan hutu ne.

Kwana talatin da ɗaya.
Ta tsige gashin ƙirjinta ta yi shimfiɗa.
Da asuba na zura hannu ina lalube,
na kai tara, na koma farko.
Tara dai.
Nono takwas.

Na taran jikata Kuluwa ta ɗauka,
da sirinji da madarar akuya.
Ya kwana shida.
Ta haƙa masa gindin gwanda,
ta ja layi a littafi, ba ta ci tuwo ba.

Sauran suka tashi dabbare-dabbare,
ƙirar uba, juriyar uwa.
Duk Juma'a mu aro sikelin mai kifi,
allura na gaba, Kuluwa na rubutawa.
Mako goma sha biyu, kilo biyu ba kaɗan.
Rana ta yi ta dukan kwano,
ko ɗaya bai kwanta ba.

Sai kwaɗayi ya ba ni shawara:
me zai kai ni aro, ga iri a gida?
Na haɗa wa da ƙanwa.
Shida.
Na sake. Huɗu,
ɗaya haƙori a karkace, ba ya iya tauna.

Kazah ya duba littafin, ya cire tabarau.
Shekara ashirin kana gaban inji, Tanimu,
ka taɓa ganin zare ya zama zane
abawa ba ta ratsa shi ba?

Yau ga ni a Keke, mun hau gada,
kogi ya yi ja da ruwan jiya.
An ce akwai wani baƙi a Mando.
Kwali na kan cinyata, babu kowa ciki,
na dai huda masa ƙofofin iska.