Mai Gadin Filin da Ke Kotu

Ni ne Sallau, mai gadin abin da ba a san mai shi ba.
Fili ne a bayan Rikkos, gab da tsohon ramin kuza,
taku saba'in a tsaye, hamsin a kwance,
ƙyarana ta kewaye rabinsa,
rabin kuwa sai ni da Allah.

Alƙali ya ce kowa ya janye hannunsa:
kada a ɗora bulo, kada a haƙa rami,
kada a sayar, kada a jinginar,
sai ranar da aka yanke.
Aka rubuta da jan fenti a jikin dutse,
aka ba ni tocila da usur da ɗakin langa-langa.

Alhaji Nomau na da takarda mai hatimi.
'Ya'yan Davou na da kabarin kakansu a gindin mangwaro.
Ni sanyin Jos nake da shi a gwiwa.

Daren wata Laraba tifa ta shigo ba fitila,
za ta juye yashi.
Na tsaya a gabanta lulluɓe da bargo.
Direba ya miƙo dubu biyar a dunƙule.
Na ce, yashin nan in ya kwana,
gobe sunansa shaida,
jibi sunansa katanga.
Ya yi ribas yana ɗura mini ashar.

Ɗaya ɓangaren ma ba su bar ni na runtsa ba.
Da asuba na tarar dutsen iyaka ya yi tattaki,
taku uku zuwa gabas, shi da ba ƙafa.
Na cicciɓe shi na mayar raminsa,
ban faɗa wa kowa ba.

An ɗage zuwa bayan Sallah.
An ɗage, lauya ya tafi Abuja.
An ɗage, an sauya wa alƙali wurin aiki,
sabon ya ce a koma farko.
Damina huɗu ke nan.

Ciyawa dai ba ta jin umarnin kotu.
Gara ta tada bene ba ta nemi izini ba.
Mangwaro ya nuna,
jikokin Nomau da na Davou
suka haɗu a kan reshe ɗaya.
Wannan kam na kau da kai.

Bara Alhaji ya rasu.
Ladi Davou ta kai gaisuwa da ƙwaryar acca,
ta yi hawaye na gaske, na gani.
Ranar Litinin ta haɗu da ɗansa a harabar kotu,
kowa da lauyansa.

Albashina wata biyar shiru,
kowa ya ce wanda ya ci shari'a shi zai biya.
Na dasa tumatir a tsohon bokiti,
na ɗora shi a kan dutse,
kada saiwarsa ta taɓa ƙasar nan
a ce ni ma na shiga ƙara.