Mai Jan Waya

Tsanina ya fi ni sanin Damagaram.
Ya jingina da katangun Birni har kafaɗarsa ta yi ja,
ya sha ranar Zango,
ya taɓa kwana a Garin Malam daren da hadari ya kore mu.

Barma ne ya koya mini aikin,
gajere, mai jan haƙori, ba ya faɗar magana sau biyu.
Ya ce, "Turke ba ya son mai gaggawa.
Ɗaure ƙugunka kafin ka ɗaure waya,
ƙullin da ka soma kuma, kada ka bar shi rabi."
Dutsen garin nan, sai wanda ya haƙa shi:
kwana uku muna saran rami guda,
diga na tartsatsi,
ruwan sha sai mai garuwa ya ga dama.

Na ja waya gidan alhazai masu fataucin fata,
na ja ta asibiti, na ja ta ofishin masu hatimi,
amma gidan Gaptiya ne ya zauna mini a rai.
Ɗanta na Arlit ya aiko kuɗi a sa wa tsohuwa tarho.
Bangon ƙasa ya ƙi riƙe ƙusa,
in na buga sai ya watsa mini gari a ido,
sai da na sassaƙa guntun giginya na cusa.
Tana tsaye nesa, hannu a haɓa:
"Yaro, ta wannan siririn abin zai biyo?
Ai Mutari ƙato ne."
Na fere, na murɗa, na jona, na kara kunne,
layi na numfashi kamar jinjiri mai barci.
Da ya yi ƙara, kaji suka watse.
Ta ɗauka a juye, ta yi sallama sau uku,
ta tambayi gajiya, ta tambayi zafi,
ta tambayi wa ke dama masa fura.
Ƙwai biyar ta ba ni a faifai.
Da na koma dubawa, na iske ta lulluɓe shi da zanen sallarta.

Ni ɗakin haya nake, babu waya a ciki.
Ranar da Inna ta cika a Mirriya
ina bisa turke bakin tasha,
kunnena cike da muryoyin mutane:
wani na cinikin wake, wata na gayyar suna,
wani na rantsuwa bashi zai biya Laraba.
Nawa labarin a keke ya zo,
bayan la'asar, an riga an kai ta.
Ɗan aiken ya tsaya a gindin turke yana ɗaga kai,
ya rasa yadda ake ɗaga murya da irin wannan magana.
Na gane daga yadda ya riƙe hularsa.
Na ƙarasa ƙullin da na soma,
sannan na sauko.

Yanzu kowa da salula a aljihu,
har mai tallan ƙanƙara.
Wayar da na ja a Sabon Gari, shanya ake a kanta,
wadda ta saura sama kurciyoyi sun gaje.
Gaptiya ta rasu, an sayar da gidan, an yi masa siminti.
Jikata Zuwaira ta tsinci awartakina ƙarƙashin gado,
ta ce, "Kaka, haƙori kake cirewa da?"
Na yi dariya har da tari.

Lambobin dai ba su bar kaina ba.
Wani dare in barci ya ƙi,
sai in ji yatsana na juya iska,
yana kiran gidajen da babu kowa,
ina jira a ɗauka.