Kwana Ɗari Bakwai da Talatin

A bangon kicin ɗin Erlinda, a Iloilo,
kalanda biyu ce a rataye.
Ɗaya ta maganin uwarta: safe, rana, dare.
Ɗaya ta Winnipeg,
inda duk ranar da ba ta kwana ba
ake rubuta mata ita bashi.

Doka ta ce cikin shekara biyar
kwana ɗari bakwai da talatin, ƙafa a ƙasa.
Ta ƙirga, ta lashi fensir, ta sake ƙirgawa:
ɗari biyar da sha ɗaya.
Sauran sun narke a kunun shinkafar
da take hurawa kafin cokali ya kai bakin Nanay Pacing.

Shekara shida tana juya tsofaffin wasu
a gidan jinya kusa da Jan Kogi,
tana goge musu baya, tana haddace sunayen jikokinsu,
kafin katin ya fito.
Ɗan abu ne, bai cika tafin hannu ba.
Yana gwangwanin biskit yanzu,
shi da zare da allura.

Jocelyn ta kira, can dare, nan hantsi:
wasiƙunki sun cika akwati,
rigar sanyinki na nan bayan ƙofa yadda kika bar ta.
Lauya ya ce ki adana takardun asibiti,
har rasit ɗin tasi,
wataƙila su duba da idon rahama.

Sai ta shiga tara rasit.
Tarin uwarta ya sami hatimi,
zazzaɓi ya sami kwanan wata.

Tsohuwar ba ta karatu, amma tana karanta fuska.
Ki koma, 'yar nan,
kada ki tashi ba tsuntsu ba tarko.
Erlinda ta gyara mata matashi, ta ce sha ruwa.

Abin da ba ta gaya wa kowa ba:
ta san ranar ƙarshe da jirgi zai yi mata amfani,
sha tara ga Maris,
kuma wani dare ta kama kanta
tana auna numfashin uwarta da wannan rana.
Ta tashi, ta wanke fuska har sau uku,
ta juya kalandar ta kalli bango.

Da safe ruwa na dukan kwano.
Nanay ta ce kifi take marmari.
Erlinda ta ɗauki lema ta gangara bakin teku.
Mai kifi ba ya ba da rasit.
Ta saya.